Kwalabe Uku daga Firijin Gumsu

Da hantsin Litinin aka kira Sufeto Zubair zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje a Kazaure. An sace kwalabe uku daga firij.

Gumsu, mai bincike a ɗakin, tana tsaye ta harɗe hannu. Shugabanta ya riga ya ce ita za a kora, tunda makullin firijin yana hannunta.

"Mene ne a cikinsu?" Sufeto ya tambaya.

"Antibodi. Sinadari ne da muke gwada kashin yara masu gudawa da shi, ya nuna mana ko ƙwayar rota ce. Ban ɗauka ba, Yallaɓai. Kuma ba zan yi kuka don a yarda da ni ba."

Sufeto ya zagaya. Ba a fasa ƙofa ba. Kwamfuta tana nan, ba wanda ya taɓa ta.

"Wa kike ba makullin?"

"Baba Madu direba, in ya kawo samfuri daga ƙauyuka. Yau bai zo ba. 'Yarsa Shatu ta rasu jiya."

Sufeto da Gumsu da wani kofur suka tafi Gwiwa, garinsu Madu, gaisuwa. Madu yana zaune a zaure, idonsa a bushe.

"Allah ya jiƙanta. Me ya same ta?" in ji Sufeto.

"Zazzaɓi ne, ranka ya daɗe."

"Gudawa dai," wani tsoho ya faɗa daga gefe. "Yarinya ta zube kamar ruwa."

"Ka buɗe firij ran Asabar?" Sufeto ya tambayi Madu.

"Ban ma shiga ofis ba."

Sufeto ya miƙe ya nufi randar zaure zai sha ruwa. A gindinta, cikin jiƙaƙƙen yashi, ya hango ɗan murfi shuɗi. Ya tona. Kwalabe biyu a rufe, ɗaya babu komai.

Madu bai motsa ba.

"Na ga masu rigakafi suna ɗiga wa yara irinsa a baki, daga kwalba mai sanyi. Na ce na ofishinmu ai ya fi ƙarfi, tunda ɓoye shi ake yi. Shi ya sa ban kai ta asibiti ba."

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun Madu da kansa.

A bakin mota Madu ya juyo.

"Malama Gumsu, da na ba ta duka ukun, da ta tashi?"

Gumsu ta dube shi.

"A'a, Baba. Ba magani ba ne."

Ya gyaɗa kai, ya shiga motar.