Wanda Ya Zare Maus

Ranar Asabar da safe Hajiya Laraba, mai shagon surfani na kwamfuta a Agege, Legas, ta kai ƙara wurin 'yan sanda. An kwashe zanenta na wuyan riga, aikin shekara shida, an goge shi daga laftof.

Kafin Sufeto Sharif ya ji labari, yaransa sun jefa Idrissa, maigadin shagon, a sel. Hujjarsu ɗaya, shi ke riƙe da makulli. Haushi ya kama Sufeto, don mutumin ko wayarsa ƙaramar Nokia ce.

Sufeto ya isa shagon ya duba laftof ɗin. Tsohuwa ce tukuf, wurin shafa yatsa ya mutu, ramin jona kaya ɗaya ne ke aiki, maus, abin motsa kibiya, ne a ciki.

"Su wa ke taɓa ta?"

"Ni da Abdulbaƙi, mai kula da injin surfanin," in ji Hajiya.

Sufeto ya buɗe inda na'urar ke rubuta duk abin da aka jona mata ko aka cire. Jiya Juma'a, ƙarfe biyu da minti biyar, an zare maus an sa filash na kwasar bayanai. Biyu da minti ashirin aka mayar da maus. A tsakanin nan aka kwashe zanen aka goge.

Ya sa aka kira Abdulbaƙi.

"Ina kake jiya ƙarfe biyu?"

"Masallaci, oga."

"In aka zare maus, laftof ɗin nan tana aiki?"

"Ina! Ai gawa ce, oga. Ko Hajiya zama take ta naɗe hannu."

Hajiya ta gyaɗa kai.

"To zauna, buɗe min inda zanen yake," in ji Sufeto.

Abdulbaƙi ya zauna ya fara. Sufeto ya jingina da tebur yana yi masa hirar tsadar motar danfo zuwa Iyana Ipaja, ya sa yatsa biyu ya zare wayar maus.

Kibiya ta tsaya cak. Abdulbaƙi bai ko ɗago ba, bakinsa na kan kuɗin mota, yatsunsa suka koma kan madannai, ƙas ƙas, ya buɗe wannan ya shiga wancan.

Sufeto ya ɗaga wayar a gaban idonsa.

"Gawar ta tashi ke nan?"

Abdulbaƙi ya janye hannunsa daga madannai. Ba a daɗe ba ya faɗa da bakinsa: wani mai shago a Mushin ne ya yi masa alkawarin muƙamin manaja in ya kawo zanen. Filash ɗin na cikin safarsa, bai kai ga miƙawa ba.

Hajiya ta dube shi. "Da hannuna na koya maka injin nan."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Da la'asar Sufeto ya buɗe sel da kansa. Idrissa ya karɓi takalminsa a kantar ofis, ya tsaya a ƙofa.

"Ranka shi daɗe, don Allah mi ne aka ce na sata? Har yanzu ba a gwada mini shi ba."