Cocin Wa Za a Rufe?

Ranar da ya fara ganinta, yatsa take nuna masa. An tara wakilan cocin tudu da na cocin kwari ne a ɗakin taro, don Fasto ya gaji da raba kansa biyu kowace Lahadi yana yi wa bencina wa'azi. Matasa sun watse neman aiki, tsofaffi kuma Ubangiji yana ta kiransu. In ana so ikilisiya ta kai ga jikoki, dole a haɗe, a rufe gini ɗaya. To, na wa?

Makaniki, ɗan shugabar zumuntar matan kwari, ya miƙe ya ce rufin tudu yoyo yake kamar rariya. Bai rufe baki ba shugabar mawaƙan tudu ta taso masa. 'Yar Dattijo ce, babban dattijon cocin tudu, kuma ba ta barin ta kwana. Ta ce wanda ya kasa wanke baƙin mai daga farcensa, shi ne zai koya musu gyaran ɗakin Allah? Taro ya tashi baram-baram. Gogan naka kuwa ya koma gareji yana murmushi shi kaɗai.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Rigimammiya, na wanke farcen. Saura rufinku."

"Ɗan kwari, wa ya ba ka lambata? Kada ka ƙara."

Ya ƙara, har ya zame masa jiki. Fasto kuma ya ƙara wa wutar fetur, ya haɗa su zagaya gidajen waɗanda suka daina zuwa sujada. Suna tafe a babur suna cacar baki, ko'ina amsa ɗaya suke ji: mutane sun gaji da gabar da suka gada, wadda ba wanda ya tuna mafarinta. Kafin su gama zagayen, Rigimammiya ta daina riƙe ƙarfen baya, rigarsa take riƙewa.

Ɗan ma'ajin tudu, wanda ya daɗe yana zarya wurinta ba ta kula shi, ya kai wa Dattijo gulma cewa makaniki ba aure yake nema ba, ƙuri'ar yarinyar yake so don a rufe tudu. Dattijo ya yi tsalle ya dire, ya ce muddin yana numfashi ɗan kwari ba zai taka masa zaure ba. Uwar makaniki ma ta ce ko gawarta ba za ta hau tudu ba, balle ta karɓi suruka mai bakin reza.

Maganar ta soki yarinyar. Ta rubuta masa: "Ashe farashina ƙuri'a ɗaya ne? Allah ya isa."

"Hasken idona, ki zo taro gobe. A can zan ba ki amsa."

A taron ya faɗi abin da duk 'yan kwari suka sani suke ɓoyewa, cewa ruwa yana cin harsashin gininsu kowace damina. Ya ce a gyara rufin tudu a koma can, filin kwari kuma a dasa itatuwa a bar wa yara. 'Yan'uwansa suka yi masa ca, uwarsa ta ce ya sayar da kabarin ubansa saboda mace. Ya tsaya yana shan zagi, Rigimammiya tana kuka a kujerarta, kunya da so sun haɗe mata.

Duk da haka Dattijo bai sauko ba. Shi tun yana saurayi a bencin gaba yake zama, ba ya waiwaye a ɗakin sujada, wai rashin ladabi ne. 'Yarsa ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Ran Lahadi ka waiwaya sau ɗaya, ka nuna mini waɗanda za su ɗauki akwatin gawarka."

Ya kore ta da sanda. Amma ran Lahadi, ana cikin waƙar farko, ya waiwaya. Tsofaffi ne jefi-jefi, sai bencinan da gara ta ci. Bai iya ƙarasa waƙar ba. Bayan an tashi ya aika a kira masa yaron, ya ce ya turo magabatansa.

Ranar ɗaurin aure 'yan birni suka dawo, cocin tudu ya cika har waje. Uwar ango, wadda da ƙyar ta yarda ta hau tudu, tana cewa a bakin ƙofa kawai za ta tsaya, ta ga baƙinta a tsaye babu wurin zama. Ta ce wannan wulakancin ba da ita ba. Ta ɗaura ɗamara, ta ja matan zumunta suka gangara kwari, suka ɗauko bencinansu a ka suna haki suna mita. Ta zauna daram a layin gaba, ita da Dattijo suna hararar juna har Fasto ya sa albarka, suka ce amin tare.

Bayan biki an yi ta cewa gobe za a mayar da bencinan, har yau goben ba ta zo ba. Allah ya albarkaci ango da amarya, ya ba su 'ya'yan da za su zauna a kan bencinan.