Bishiyar Da Ba Ta Da Allo

Ku matso kusa. Uwani, ajiye wayar nan. Ilu, kai da ka ishe mu da zancen yawon buɗe idon da makarantarku za ta kai ku ranar Asabar, kai na fi so ka buɗe kunne. Wannan ba Gizo ba Ƙoƙi. Kowa ya yi bisimilla a zuciyarsa.

Can kudancin Taraba, inda daji yake kore rani da damina, akwai wani lambun itatuwa da ake kira Bakin Malmo. Baƙi kan iso da sassafe. A zaga da su lambu, a hau da su dutsen da ke bayansa, a gangara ɗaya gefen zuwa kogi, a ɗauke su a kwalekwale su kalli inda ruwa ke zubowa daga tsauni. Kafin magariba mota ta kwashe su. Kowane rukuni da jagoransa.

A cikin jagororin akwai wani saurayi, Sallau. Watansa uku da kama aiki. Kwanya kam Allah ya ba shi, ya haddace sunan kowace bishiya da maganin da take yi. Ciwonsa ɗaya ne: bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ko sunan kakar jirgin sama ka tambaye shi, zai faɗa maka, har ya ƙara da garinsu.

Kowace bishiya a lambun an kafa mata allon ƙarfe mai sunanta. Sai guda ɗaya. Tana can ƙarshen lambu, inda wani ɗan marmaro ke tsattsafowa daga gindin dutse. Gajera ce, ganyenta duhu, furanninta farare tas. Sau uku ana kafa mata allo, sau uku ana tsintar sa a bakin kogi, can bayan dutse.

Ranar da Sallau ya fara aiki, Baba Jatau, tsohon da ke tuƙa kwalekwalen, ya ja shi gefe.

"Ɗana, wadda ba ta da allo ba taka ba ce. Ka yi sallama, ka wuce."

"To, Baba."

"Ba nuni. Ba taɓawa."

"To, Baba."

Irin "to" ɗin nan ce da ke tsayawa a leɓe.

Wata Laraba aka ba shi baƙi tara, malaman makaranta daga Gombe. A cikinsu akwai Malama Barira, mai koyar da kimiyyar tsirrai. Littafi a hannu, biro a hannu, tambaya kamar ruwan Agusta. Sallau yana amsawa yana jin kansa a sama. Maɗaci, ga shi. Rimi, ga shi. Kanya, ɗinya, maje, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Har suka iso marmaron. Ya yi niyyar wucewa. Malama Barira ta tsaya.

"Malam jagora, wannan fa? Ban ga allonta ba."

Fuskoki tara suka juyo gare shi. Kalma uku kawai ake nema a wurinsa. Bakinsa ya ƙi faɗin su.

"Wannan?" Ya nuna ta da yatsa. "Hawayen amarya ake ce mata. Daga Indiya aka kawo irinta. Ƙamshin furen yana maganin ciwon kai."

Ta rubuta. Ta ce ai kuwa tun a mota kanta ke sarawa.

Sallau ya miƙa hannun dama ya tsinko fure ɗaya. Sanyinsa ya ratsa shi har gwiwar hannu. Inda ya tsinke, ba ƙaro ne ya fito ba, ruwa ne, ɗigo ɗaya. Malamar ta karɓa ta soke a gefen ɗankwalinta, ta yi godiya.

Sai da suka yi taku goma ya lura da wani abu. Marmaron ya daina ƙara.

Ƙa'idar aikin ita ce a ƙirga baƙi a kowace gaɓa. A ƙofar baya ta lambu ya ƙirga. Tara. Suka kama hawa.

Hanyar siririya ce, mutum ɗaya-ɗaya. Shi a gaba. Da farko ana hira, ana ɗaukar hoto, ana tsokanar wani mai tumbi da ke haki. Sannu a hankali hira ta mutu. Tsuntsaye ma ba a ji. Rana ta take tsaka lokacin da suka fito kan faffaɗan falalen da ke saman dutsen. Kun dai san tsakar rana ba lokacinmu ba ne mu kaɗai.

Ya ƙirga. Goma.

Ya yi dariya a ransa, ya ce ya haɗa da kansa. Ya sake ƙirgawa da yatsa. Goma.

Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya kalla, ya san ta. Amma in ya ƙirga, goma. Sai idonsa ya sauka ƙasa.

Falalen ya yi zafin da ko ƙadangare ba ya zama. Takalma tara sun wuce ba su bar komai ba. Amma ga sawu jere, na ƙafa ba takalmi, jiƙe sharkaf, kamar yanzu mai shi ya fito daga wanka. Rana tana dukansu, ba sa bushewa. Ya bi su da ido. Suka tsaya daf da bayan Malama Barira.

Mace ce. Doguwa, da zane mai launin gansakuka, mayafi ya rufe rabin fuska. Gefen zanenta yana ɗiga. Ba wanda ya damu da ita. Kowa ya ɗauka tare take da na kusa da shi.

Sallau ya matsa kusa da Barira.

"Malama, ya kan?"

"Ya daina," in ji Barira. Muryarta ta yi laushi. "Sanyi nake ji. Mai daɗi." Ta yi murmushi, idonta yana kallon can ƙasa inda kogi ke ƙyalli. "Mu sauka mana. Ana jira."

"Wa ke jira?"

Ta ci gaba da kallon kogin.

Tsoro ya kama Sallau, tsoro na gaske. Amma ya ce wa baƙi mu je. Gangarowar nan bai faɗi sunan ko ciyawa ba. Yana dai jin taku a bayansa. Tara na takalmi. Ɗaya kuma caɓ, caɓ, caɓ.

A bakin kogi Baba Jatau yana zaune a gindin malmo, kwalekwale a ɗaure. Dokar wurin, ba mai shiga sai da rigar ruwa, irin mai hana nutsewa. Tara aka kawo, daidai baƙin. Sallau ya raba. Rigunan suka ƙare.

Malama Barira ce ta rage ba riga.

Ya ɗaga kai. Matar nan tuni tana cikin kwalekwalen, a can ƙarshe, sanye da riga ta tara. Ba wanda ya ga shigarta. Tana shafa katakon da ke gefenta a hankali, kamar mai cewa ƙawa zo ki zauna.

Barira ta nufi ruwa. Takalmanta suka nutse, ba ta tsaya ba.

Baba Jatau ya miƙe ya gitta filafilinsa a gabanta. Ya ce wa sauran matan su riƙe ta, rana ce ta buge ta, su kai ta inuwa. Suka kama ta su uku, tana ja wajen ruwa. Tsohon ya dubi furen da ke ɗankwalinta. Ya daɗe yana duba. Sannan ya jawo Sallau bayan bishiya.

"Wa ya tsinko?"

Sallau ya buɗe baki. Ƙarya ta riga ta hau harshensa.

"Ɗana," in ji tsohon, ƙasa-ƙasa, "tana jin ka."

"Ni ne, Baba."

"Ka ba ta suna?"

"Na ba ta."

Baba Jatau ya runtse ido.

"Da na tuƙa, tsakiyar kogi za ta karɓi malamar nan. Wanda furen ke jikinsa take bi. Hannun da ya tsinko shi zai mayar. Dubi, ya fara yaushi. In ya bushe kafin ka kai, malamar ta tafi, ko a kan tudu take."

"Ka raka ni, Baba."

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ka ji uku. Kada ka waiwaya. Kada ka yi gudu. In ta tambaye ka, kada ka yi mata ƙarya."

Sallau ya je ya zare furen daga ɗankwalin Barira. Jikinta sanyi ƙalau, leɓenta sun yi fari. Tana kallonsa, ba ta gane shi ba. Wannan kallon ya fi komai cin ransa, domin ita ba ta yi laifin komai ba. Tambaya ta yi.

A cikin kwalekwale matar ta miƙe tsaye. Kwalekwalen bai ko motsa ba. Rigar ta zame ta faɗi, jiƙe.

Ya juya ya kama hanyar dutse, furen a tafin hannunsa.

Caɓ. Caɓ. Caɓ.

Taku uku a bayansa. In ya rage sauri, ta rage. In ya ƙara, ta ƙara. Yana jin sanyi a ƙeyarsa kamar an buɗe randa. Bakinsa yana karanta duk addu'ar da ya sani, yana kai ƙarshe yana komawa farko.

Suna cikin gora ta yi magana. Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa.

"Malam jagora."

Bai waiwaya ba.

"Wannan fa?"

Wani dogon yatsa ya wuto ta gefen kunnensa, yana ɗiga a kafaɗarsa.

"Tukurwa."

Caɓ. Caɓ.

"Wannan fa?"

"Ƙirya."

"Me take yi?"

"Ana gawayi da ita. Ana turmi."

Suka hau falale. Sawunta na ɗazu suna nan, har yanzu jiƙe. Ya dubi tafinsa. Gefen furen ya fara yin ruwan ƙasa. Ƙafarsa ta ce gudu. Ya danne ta.

Gangarowa ta ɗaya gefen ba ta bar shi ya huta ba. Wannan fa. Wannan fa. Baure. Marke. Taura. Duk ya sani, duk ya faɗa. Muryar tana matsowa. Taku uku ya koma biyu. Biyu ya koma ɗaya.

Ƙofar baya ta lambu a buɗe. Ba ma'aikaci ko ɗaya. Marmaron ya ƙafe ƙaf, sai laka mai tsagewa. Bishiyar tana tsaye, duk furanninta sun sunkuyar da kai. Na hannunsa saura ɗan fari kaɗan a tsakiya.

Ya tsaya. Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnensa.

"Wannan fa, malam jagora?"

Kun san ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma wanda ya saba da ita, ita ke fara zuwa masa. Hawayen amarya ya zo har bakin haƙoransa. Ya ga kamar in ya canza magana yanzu, ita ce za ta zama ƙaryar. Ya tuna leɓen Barira.

Hawaye suka zubo masa.

"Ban sani ba."

"Daga ina aka kawo ta?"

"Ban sani ba."

"Me take yi?"

"Wallahi ban sani ba. Ƙarya na yi. Ki yi haƙuri. Malamar ba ruwanta."

Ya ɗaga hannu ya ɗora furen a inda ya tsinke shi. Wani hannu ya rufe nasa ta baya. Sanyin ya wuce ƙanƙara. Hannun ya danna nasa. Da aka sake shi, furen yana manne a reshensa, fari tas.

Ƙarƙashin ƙafarsa marmaro ya tsattsafo. Ya ji caɓ, sau ɗaya, cikin ruwan. Daga nan bai ƙara jin komai ba.

Bai waiwaya ba sai da ya yi sallama.

A bakin kogi, daidai wannan lokacin, Malama Barira ta yi atishawa ta tambayi wa ya jiƙa mata takalmi. Da ta buɗe littafinta a mota, shafi ɗaya ya jiƙe, tawadar ta wanke. Sauran lafiya lau.

Sallau bai sake jagorantar kowa ba. Hannun nan na dama kuwa bai ƙara bushewa ba. Rani da damina yana tsattsafo da ruwa mai sanyi. Amma duk abin da ya dasa da shi sai ya kama, ko busasshen kara ne.

Uwani, me ya sa kika zare ido? E, shi ne. Kawu Sallau mai sayar da dashen itatuwa a bakin tasha, mai tsumma naɗe a hannu. Wanda kuke wa dariya wai ko ƙarfe nawa aka tambaye shi sai ya duba agogo sau biyu kafin ya amsa.

Saboda haka, Ilu, ranar Asabar ka kama bakinka, ka kama hannunka. Kada ka ware daga mutane, kada ka bi hanyar dutse kai kaɗai. In kuwa jagora ya ƙirga ku ka ga ya sake ƙirgawa, kada ka tsaya neman fuska.

Ƙasa za ka duba.