Rabin Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Auta

Mai gyara ya kwance sukurori, ya zare murfin kwamfutar, ya haska cikinta da fitilar wayarsa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗago.

"Maigida, wannan ba lalacewa ba ce. Sata aka yi muku."

Ya nuna gurbi biyu a jere, ɗaya da siririn allo kore a ciki, ɗaya wayam.

"Ram ke nan, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita. An zare guda. Shi ya sa da an buɗe shafuka da yawa a burauza sai ta sandare."

Shagon buga katin gayyata ya yi tsit. Na Baba ne, 'ya'yansa uku ke aiki a ciki: Yaya Babba mai kula da kwastomomi, Injiniya mai zane, sai Auta da ta gama makaranta kwanan nan. Ita Baba ya saya wa sabuwar kwamfutar, ya ajiye mata teburi kusa da taga.

Baba bai tambayi kowa komai ba. Yaya Babba kawai ya kalla.

"Ke kika ce a gabana yarinyar nan ba ta cancanci wannan na'ura ba."

"Na faɗa, Baba."

"Zan je in dawo. In ba a gano mai wannan aiki ba, ki ajiye mini makullin shago."

Ta faɗa ɗin kuwa, har yanzu ma tana jin abin a ƙirjinta. Ita ta riƙe shagon nan tun yana da injin guda, amma ba a taɓa saya mata ko sabuwar kujera ba. Sai dai baki kawai ta yi. Sukurdireba ba ta taɓa ba.

Da mai gyara ta fara.

"Yaushe rabonka da shagon nan?"

"Tun kafin a kawo wannan. Dubi nan." Ya nuna mata tambarin kamfani da ke manne a gefen murfin. "A yanke na same shi, kuma da reza, a tsanake. Ni ɓarawo ne zan tona kaina?"

Ta sa ya buɗe tata tsohuwar kwamfutar da ta Injiniya. Babu abin da aka ƙara a ciki.

"Ba ma zai shiga ba," in ji shi. "Naku tsohon yayi ne, bakinsu ya bambanta."

Injiniya ya yi dariya daga inda yake zaune. "Kin gani? Me zan yi da abin da ba zai shiga tawa ba?"

Ta wuce ɗakin baya, inda Dogo mai jan injin bugawa ke wanke faranti. Ba ɗan gidan ba ne, amma ya daɗe tare da su.

"Dogo, ka taɓa kwamfutar Auta?"

"Ni? Wayata ma ɗiyata ke saita mini." Ya miƙo hannayensa. Tawada ta shige har ƙarƙashin farce. "Kofin da na sha ruwa ma sai an gane nawa ne, Yaya."

Ta koma ta leƙa cikin kwamfutar. Fes take, ko ɗigon baƙi babu.

Auta na zaune a gefe, idanunta sun yi ja. Yaya Babba ta jawo kujera. Ta lura har kujerar Auta ta fi tata laushi, ta haɗiye abin.

"Faɗa mini daga farko. Kada ki tsallake komai."

"Da farko lafiya lau take gudu. Tsarin cikinta ne dai ba irin wanda na saba da shi a makaranta ba, komai sai na laluba. Rannan na zo da safe, na buɗe burauza zan nemo hotunan furanni, sai ta tsaya cak. Kibiyar ma ta ƙi motsi. Na jira, na jira, daga baya allon ya yi baƙi."

"Sai kika yi me?"

"Na kashe na kunna. Na nemi bayani a wayata. Aka ce in sabunta burauzar, na sabunta. Aka ce in cire ƙarin abubuwan da na saka mata, na cire. Na goge tarihi, na sauke wata burauzar daban. Duk ɗaya. Har aikin katin mutane ya ɓace mini sau biyu, Baba ya yi ta faɗa."

"Wa kika kai wa kuka?"

"Ke na fara zuwa wa. Kika ce mai sabuwar kwamfuta ai ba ta buƙatar tsohuwar yaya."

Yaya Babba ta gyara zama. "Bayan ni."

"Yaya Injiniya. Ya duba, ya ce hannuna ne bai iya ba. Ya ce gig huɗu ce kawai, in daina buɗe shafi fiye da biyu kamar 'yar ƙauye a kasuwa."

"Huɗu ya ce?"

"Huɗu."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta koma teburinta ta jira.

Da Baba ya dawo, ya tsaya bakin ƙofa ya miƙo hannu. Maimakon makulli, sai ta yi masa tambaya.

"Baba, ranar da kuka sayo kwamfutar nan, wa ya raka ku?"

"Injiniya. Shi ya zaɓa ma."

"Da kuka dawo, me ya ce a nan tsakiyar shago?"

Dogo ne ya amsa daga ƙofar baya. "Cewa ya yi gig takwas, an ba wa wadda ba ta san inda ake kunnawa ba. Har na yi dariya, Allah Ya yafe mini."

Ta juya wajen ƙaninta.

"Ka san takwas ce. Auta ta kira ka, ka duba, ka ga huɗu. Wanda bai san komai ba ihu zai yi, ya ce rabi ya ɓace. Kai kuwa ko gezau, sai ka ɗora mata laifi. Duk mun tsaya neman wanda zai amfana da ram ɗin, shi ya sa ka wanke kanka da sauri. Ba ram ɗin kake so ba. So kake Baba ya gaji da ita, ya ce a ba wa wanda ya iya."

Injiniya ya buɗe baki, ya rufe. Baba ya ce, "Ina yake?"

Ya jawo aljihun teburinsa, ya zaro wani tsohon gidan tabarau. Allon koren na ciki, an naɗe shi da kyau cikin auduga.

"Kullum ina faɗa muku tawa ba ta jan aikin zane," ya ce, muryarsa na rawa. "Kullum sai ku ce in yi haƙuri. Ita ko roƙo ba ta yi ba."

"Da ni za ka yi wannan rigimar," in ji Baba. "Ita me ta yi maka? Kawo makullinka. Daga gobe kana ɗakin baya, Dogo ne ubangidanka."

Mai gyara ya danna allon a gurbinsa, ya ce ƙas. Aka kunna. Auta ta buɗe shafi ɗaya, ta ɗan dakata, ta ƙara wani, ta ƙara wani, har saman burauzar ya cika. Kibiyar na yawo abinta.

Ba ta kalli Injiniya ba. Yaya Babba ta kalla, ta ce a hankali, "Ashe ba ni ce daƙiƙiya ba."

Yaya Babba ta so ta ce wani abu mai daɗi, amma idonta na kan allon, kan yadda hotuna ke buɗewa kafin a ƙifta ido.

"Ba ke ba ce," ta ce. "Matsa in ga yadda take gudu."