Notin Ƙarshe a Babur ɗin Lukmanu

"Tarkacen nan zai bar gidan nan, Sa'adiyya!" in ji Yaya Ubaidu, wan mijina. Daga bayan labule yake magana, don ina cikin takaba. "Masu sayen tsohon ƙarfe suna jira."

"Yaya, ba tarkace ba ne. Babur ne."

"Babur a buhun shinkafa? To, in ya tashi ran da kika fita takaba, naki ne. In bai tashi ba, sai sikeli!"

A buhuna mijina Lukmanu ya kawo shi daga unguwar Adakpamé, gunduwa-gunduwa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ya ce, "Yi dariyarki, masheri, masoyiyata. A kansa zan kai ki bakin teku, duk Zongo su leƙo."

Tsakanin Azahar da La'asar yake aikinsa a tsakar gida, kuma duk abin da ya ɗaura sai ya bar noti ɗaya sako-sako. "Sa'a, zo ki ƙarasa! Kada gobe ki ce ba da ke aka yi ba." In karɓi sifana in ɗaure, shi kuma ya lakata min baƙin mai a hanci.

Ko rabi bai kai ba zazzaɓi ya ɗauke shi.

Washegarin maganar Yaya Ubaidu, bayan Azahar, gida tsit, zafi ya kwantar da kowa. Sai warin baƙin mai ya shigo min ɗaki. Na fita. Sarƙar da na san tana cikin buhu, ga ta a jikin babur. Noti ɗaya yana rawa. Sifana tana kan sirdi... da ɗuminta.

"Mma, wa ya shigo?" na tambayi mahaifiyar Lukmanu.

"Ba kowa, 'yar nan. Da hannuna na rufe ƙofa."

Ta kalli babur ɗin, ta ja carbinta.

Na ɗaure notin. Haka muka yi ta yi, ni da shi. Yau birki, gobe tanki, jibi fitila. Ban taɓa ganinsa ba. Warin kawai, sai notin da yake bar mini.

Ran da na fita takaba buhunan babu komai. Noti ɗaya ya rage, wanda ke riƙe ƙarfen kik. Na ɗauki sifana, na kasa. In na ɗaure, aikinsa ya ƙare, me kuma zai kawo shi gidan nan? In na bari, a farfasa abin da ya yi mini.

Yaya Ubaidu ya shigo da masu amalanke. "Ya tashi, ko a ɗauka?"

Mma ta dafa kafaɗata, ta yi ƙasa da murya. "Ni ma ina jin warin, Sa'a... Kullum. Ɗana ne, amma ki sallame shi ya huta."

Ina kuka na ɗaure. Yaya Ubaidu ya zuba fetur yana tsaki, ya taka sau ɗaya. Babur ya tashi! Yaya Ubaidu ya ja da baya yana salati.

Nan take warin ya ɗauke, kuma har yau bai dawo ba.

Mma ta kama haɓata, ta goge min hanci da bakin mayafinta. Ta nuna mini. Baƙin mai ne.