Wanda Ya Amsa Kiran Delfina

Rana ta faɗa bayan duwatsun Mora. Delfina ta gama tatsar awaki, ta tsaya bakin lambu tsakanin barkono da kabewa, ta yi kiran da take yi kowane almuru: "Luz! Benito! Abinci!" Benito, ɗan autanta, magudanar ruwan gona ta ci shi tun bazarar bara. Amma bakinta ya ƙi sakin sunan, mijinta Onofre kuma bai taɓa iya hana ta ba.

Ran nan sai aka amsa. Dutse ya faɗo kan rufin kwano, jiƙaƙƙe, da gansakuka a jikinsa. Wani ya biyo shi. Kaji suka yi tsit, awaki suka cure a kusurwar garke. 'Yarta Luz ta fito daga cikin masara, riga na ɗigar ruwa, ta ce da muryar ƙanenta, "Ga ni, Mama. Kin sa min zuma a gurasar?"

Delfina ta san abin ba na lafiya ba ne. Amma ta ɗauko zumar.

Haka aka yi ta yi: almuru jifa, bayan jifa murya. Wake ya bushe ba a rore ba. Luz ta daina magana da muryarta, ta yi ta ramewa. Da Onofre ya ga yarinyar za ta salwanta, sai ya ɗauko Doña Eufemia, tsohuwa mai magani.

Tsohuwar ta turara ganye, ta shafa wa Luz ɗanyen ƙwai daga ka har ƙafa. "Wane ne kai?"

"Benito."

"Ni na yanke wa Benito cibiya. Ko kaza bai taɓa jifa ba. Faɗi gaskiya, maƙaryaci."

Muryar ta yi kauri. "Na cikin ruwa ne. Kullum tana kira ba mai amsawa, sai na ji tausayi. Ni ma ba a taɓa kira na cin abinci ba. Ku ba ni baƙar akuya in tafi."

"Ko gashinta ba za ka samu ba."

"To mai kiran ta sallame ni da bakinta." Sai muryar ta koma 'yar ƙarama. "Mama, kora ta za ki yi?"

Delfina ta durƙusa. Ta kama hannun Luz, ta ji ƙashi ne zalla.

"Ɗana yana wajen Ubangijinsa," ta ce, da ƙyar. "Kai kuwa na gode. Jeka."

Luz ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta tana kuka da muryar kanta.

Washegari da almuru Delfina ta tsaya bakin lambu. "Luz!" ta kira. Bakinta ya ɗan jima a buɗe, sannan ta rufe shi. Ruwa na ta wucewa a magudana.