Kartar da Aka Tsinta a Motar Imrana

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa natsuwa, ina roƙon aron hankalinka. Ni, Malam Abdulmumini Mafara, da na yi shekara talatin da huɗu ina shugabantar makaranta, ban saba ɗaukar alƙalami kan ƙaramin al'amari ba. Wannan kuwa ya shafi jikata Safara'u, kuma ina alfahari da yadda na warware shi.

Wanda take so shi ne Imrana, ɗan garin Bakura. Shekara goma sha ɗaya ya yi a otal-otal na Legas da Akara yana cin abinci da kartar Turawa da ake kira foka. Daga baya ya tuba, ya dawo gida, ya kama noman shinkafa a Bakolori. Dangi suka ce sai an ga kamun ludayinsa, Safara'u ta yi shekara biyu tana jira, ba ta kula kowa ba.

Ranar da za a sa rana, muna zaune a zaurena tare da Imrana da dangi, sai kawunta Sallau, wanda ke yi wa ɗansa kwaɗayinta, ya jefa ƙunshin karta a kan tabarma.

"Ga abin da na tsinta cikin motar tubabben naku!"

Muka ji kukan Safara'u daga bayan ƙofa. "Kaka, wallahi sharri ne. Ya bari."

"Yi shiru, 'yar nan," na ce. "Imrana, me za ka ce?"

Ya durƙusa, ya baje kartar, ya yi murmushi. "Baba, wagga ai wot ce, mai tauraro da da'ira, irin ta bakin tasha. Ko ina cikin ɓata ban taɓa zama tebur da ita ba."

"Karta dai karta ce," in ji Sallau.

"Haka ne, Kawu." Imrana ya ɗaga guda ɗaya, yana shafa gefenta a hankali, idonsa na kan Sallau. "Amma mai ita bai da amana. Kamar ya yi mata alama da farce don ya cuci abokan wasa."

Sallau ya zabura. "Ƙarya kake! Ɓera ne ya ci gefen, ni ban taɓa cutar kowa ba a—"

Ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"A ina, Sallau?" na tambaya, da muryar da nake tsayar da ɗalibai a da.

Ya sunkuyar da kai. "Bayan kasuwa, Baffa. Ran Talata kawai."

Imrana ya tattara kartar ya ajiye a gabana. "A yafe mani, Baba. Ban san ko alama ce ba, fuskarsa na karanta. Wannan ne wasana na ƙarshe."

A nan take na sa rana, wata biyu. Safara'u ta leƙo tana share hawaye, ta ce, "Kaka, na gode," ta ruga cikin gida.

Ku sani, ya ku matasa, wanda ya tuba da gaskiya Allah ba ya kunyata shi, kuma haƙurin mace tagari ba ya faɗuwa banza. Shi kuwa Sallau, na sa ya ƙone kartar da hannunsa a ƙofar gida, sannan na ci shi tarar rago guda da kwandon goro, a kai wa iyayen Imrana a Bakura.